Faifan da Na Kankare wa Suna

Kunnena na hagu ya mutu tun ina ɗan shekara arba'in, ko makokinsa ban yi ba. Na daman ne ya zo ya tsorata ni. A watan Nuwamban bara likita ta toshe mini kunne da wata na'ura, ta ce in ɗaga hannu duk sanda na ji ƙara. Na gyara zama ina jiran a fara, ashe an daɗe da farawa. Da ta gama sai ta juyo da fuskarta saitina don in riƙa ganin bakinta, ta ce siraran sauti yawancinsu sun riga sun tafi, sauran ma suna ɗaure kaya. Ta ba ni shekara ɗaya, ko abin da bai kai ba. Ta tambaye ni ko a masana'anta na yi aiki. Na ce walda ce sana'ata, amma ba walda ce ta cinye mini kunne ba, ƙarar kiɗan piko ce. Ta yi murmushi ta ce mahaifinta ma haka.

A bas ɗin komawa gida ban tuna muryar 'yata ba, ban tuna ta jikokina ba. Abin kunya ne amma gaskiya ce, Matar Tela kaɗai ce ta faɗo mini a rai. Waƙa ce, kuma rabona da jinta shekara arba'in da huɗu. Tun kafin in sauka a unguwarmu ta Rebolo na yanke cewa sai na sake jinta ko sau ɗaya ne kafin kunnen ya rufe.

Yayana Evaristo shi ne mai Kunama, pikon da a ganinmu babu na biyunsa a duk Barranquilla. Akwatin lasifika ne da ya fi mutum tsawo, an zana masa jar kunama a gaba da jelarta a ɗage. Ranar Lahadi da la'asar idan muka fito da shi bakin titi muka kunna, kwanukan maƙwabta har motsi suke a kan kanta. Ni ke ɗaukar faifai, ni ke goge allura, ni ke tsayawa dab da lasifika don 'yan mata su san gidanmu ne. Shekarata goma sha shida, kuma ban taɓa jin na kai wani abu a duniya ba kamar lokacin.

Ƙarfin piko ba a ƙara kaɗai yake ba, a faifan da babu mai irinsa yake. Ma'aikatan jiragen ruwa ke kawo su daga Afirka, a ɓoye cikin kayansu, masu piko kuma su yi ta rububi a bakin tashar. Duk wanda ya sami nasa, abu na farko shi ne ya ƙone kwalin, ya kankare takardar da ke tsakiyar faifan, don kada abokin hamayya ya leƙo ya ga sunan ya aika a sayo masa. Daga nan sai unguwa ta raɗa wa waƙar sunan da ta ga dama. Kowa haka yake yi, kuma ba mu taɓa ganin wauta a ciki ba.

Wannan faifan daga hannun wani kukun jirgi Evaristo ya same shi. Ya kawo shi gida a cikin riga, ya miƙo mini da cokali ya ce in kankare, kar in tsaya karatu. Na karanta kuwa, har sau biyu. Koriyar takarda ce, da sunaye masu tsawo waɗanda harshena ya kasa juyawa. Na sa bakin cokali na murje su tas, ina jin kaina kamar wani babban ma'aikaci. Kafin mu ci abincin yamma na manta ko da harafin farko.

Wani mutum ne ke waƙa a cikinta da yaren da babu wanda ya sani a cikinmu, muryarsa a kwance kamar mai ba da haƙuri. Can a tsakiya sai ya yi shiru, sai wata siririyar jita ta karɓa, ta hau, ta ƙara hawa, har ka ce za ta tsinke, sannan ta gangaro ta tarar da ganga tana jiranta. Ranar da muka fara sa ta, Doña Ubaldina matar telan layinmu, wadda ba ta fashin coci kuma ba a taɓa ganin haƙorinta ba, ta fito da ludayi a hannu za ta yi mana tijara saboda ƙara. Jitar ta cim mata a tsakiyar titi. Da ludayin ta yi rawar har waƙar ta ƙare, mijinta na tsaye a ƙofar shago da almakashi, baki buɗe. Daga ranar waƙar ta sami suna.

Shekara biyu muka yi muna mulki da ita. Daga Las Nieves, daga La Chinita, har daga Soledad mutane ke zuwa da ƙafa, kuma Evaristo ba ya sa ta sai sau ɗaya a yini, bayan an roƙe shi har an gaji. A kanta na fara riƙe hannun Ledys, wadda ta zama matata. Ban iya rawa ba lokacin, ita ce ta ce in daina kallon ƙafafuna in bi jitar. Ledys ta rasu shekara huɗu ke nan. Tun daga nan gidan ya yi mini yawa, tukunya ɗaya nake dafawa in yi kwana uku ina ci.

Abokin hamayyarmu shi ne Dagoberto Barrios na Las Nieves, mai pikon da ake kira Guguwa, dogo mai bakin tsiya da haƙorin gwal. A watan Janairun 1981, ana saura 'yan makonni bikin karnabal, aka haɗa mu karo: an toshe titi, Kunama a wannan ƙarshen, Guguwa a wancan, kowa ya sa nasa ɗayan ya ba shi amsa. Rana ba ta faɗi ba Dagoberto ya ɗauki makirfo, ya ɗaga wani faifai mai kankararriyar takarda sama, ya ce Matar Tela ta yi yaji ta dawo gidansa, kuma da ƙarfe shida za ta fito ta gaida jama'a. Titin ya ɗauka da ihu.

A wurinmu faifan da ya sami tagwai ya mutu. Babu wulaƙancin da ya kai a ba ka amsa da waƙarka, shi ya sa mai piko na gaske yake fasa nasa a gaban jama'a kafin a kai ga haka, ya nuna yana da wasu. Evaristo ya ciro namu ya riƙe, ya kasa fasawa. Ni kuwa jinina ya riga ya hau. Na fizge shi, na ruga tsakiyar titi, na maka shi a kan dakalin siminti, na sa dunduniya na tattake. An tafa mini ƙwarai. Ana cikin haka wani ya jefa kwalba, faɗa ya kaure, 'yan sanda suka zo suka watsa taron kafin shida ta yi.

Dagoberto bai taɓa sa waƙar ba bayan nan. Gari ya ɗauka cewa ya kulle ta a akwati, wai ya rantse ba zai sa ba don 'yan Rebolo su mutu da ƙishinta. Abin ya yi kama da halinsa, don haka kowa ya yarda, sunan Guguwa ma ya ƙara tashi. Evaristo bai taɓa yi mini maganar ba, ko sau ɗaya, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Bayan shekara biyu ya sayar da Kunama ya tafi Maracaibo neman aiki, can ya rasu. Ni kuma idan na hango Dagoberto a kasuwa sai in sauya layi.

Don haka da likita ta yanke mini wa'adi, ko'ina na fara bi ban da gidansa. 'Yata Yarleidis da ke Chile ta ce ai yanzu waya na gane waƙa idan ka rera mata, ta yi ta koya mini har ranta ya soma ɓaci. Na zauna ni kaɗai a kicin ina yi wa waya gunji kamar tsohon sa. Wayar ta kawo mini waƙar coci, ta kawo mini ta tallan sabulu. Na je wurin samarin da ke tara tsofaffin faifai a tsakiyar gari, masu gemu da tabarau, suka karɓe ni da girmamawa suka yi ta sa mini waƙoƙin Afirka har yamma. Wasu sun yi kusa har gabana ya faɗi, amma ba ita ba ce. Dukansu sun san labarin Matar Tela, har sun fi ni iya ba da shi, kuma dukansu amsa ɗaya suka ba ni: tana wurin tsoho Dagoberto, ba ya nuna wa kowa.

Na yi wata biyu ina jan ƙafa. A cikin wata biyun na daina jin kukan tsuntsayen da ke kan bishiyar mangwaron gidana, na daina jin ƙarar makullai a aljihuna. Ranar da butar shayi ta ƙone ƙurmus a kan wuta ina zaune kusa da ita ban ji fitonta ba, na sa farar rigata na hau bas zuwa Las Nieves.

Lahadi ce da la'asar. Na same shi a barandar gidansa a kujera mai lilo, ciwon suga ya ɗauke masa ƙafar dama daga gwiwa, haƙorin gwal ɗin ma babu. Ya daɗe yana kallona, ni ma ban yi gaisuwa ba.

"Ƙanin Evaristo," ya ce. "Nawa ka zo fasawa yau?"

"Ɗaga murya, tsohon banza, ba na ji."

"To ai shi ke nan, kai ba ka ji, ni ba na tafiya. Jawo kujera."

Na zauna ta gefen da kunnena mai rai zai fuskance shi. Ya zuba mini kofi daga fulas, muka yi ta lissafa waɗanda suka mutu, kuma sun fi masu rai yawa. Matarsa ma ta rasu, 'ya'yansa suna Bogotá, maƙwabciya ce ke kawo masa abinci. Ya tambaye ni Evaristo, na ce ƙasa ta daɗe da rufe shi. Ya cire hula ya mayar. Na lura duk tsawon hirar yana kallon bakina kamar mai jiran wata magana, na ɗauka so yake in roƙa. Sai na roƙa. Na gaya masa abin da likita ta ce, na ce ba aro nake so ba, ba naɗa zan yi ba, in ya so ma ya ɗaure mini ido. Sau ɗaya kawai, in tashi in tafi, ba zai ƙara ganina ba.

Ya daina lilo. Ya ɗauki sandunansa ya ce in biyo shi. Ɗakin baya cike yake da faifai tun daga ƙasa har rufi, ga Guguwa a jingine da bango an lulluɓe shi da zanen gado. Daga ƙarƙashin gado ya sa na jawo masa wani akwatin ƙarfe, ya buɗe da makullin da ke rataye a wuyansa. Faifai ɗaya ne a ciki, a naɗe da tawul. Na gane kankarar tsakiyarsa tun daga nesa, na zauna a bakin gadon ba tare da an ce in zauna ba.

Ya ɗora shi a kan ƙaramin garmaho, ya ƙure ƙara, ya sauke allura. Na rufe ido. Sai ga kakakin 'yan Mexico, sai ga wata mata tana kukan mijin da ya gudu ya bar ta. Na buɗe ido na ce ya yi kuskure, ya juya ɗaya gefen.

"Babu kuskure," ya ce. "Shi ne wanda na ɗaga ranar. Na mahaifiyata ne, da safen na sace na kankare."

Ban gane ba, na sa ya maimaita, ya maimaita da ƙarfi a kunnena.

"Ban taɓa mallakarta ba, Nicanor. Tsokana ce irin wadda kowa ke yi. So nake yayanka ya tsorata ya sa ta da wuri, in ji ta sau biyu a rana ɗaya. Wa ya san akwai mahaukaci a gidanku?"

Na tashi tsaye. Ban san me na yi niyya ba, amma sandarsa ɗaya na gani a hannuna, a ɗage. Bai kare kansa ba, ko ƙifta ido bai yi ba. Matar Mexico na ta kukanta a tsakaninmu. Na tuna Evaristo riƙe da faifan ya kasa fasawa, na tuna tafin da aka yi mini, na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Shekara arba'in da huɗu ina tsanar mutumin nan don ya ɓoye waƙar, ashe guda ɗaya ce tak a garin, kuma a ƙarƙashin dunduniyata ta ƙare. Na jingine sandar na koma na zauna.

Ya ɗage allurar, ya ba ni sauran labarin a hankali, yana tsayawa in na ce ban ji ba. Da farko tsoro ne ya hana shi faɗa, don 'yan Rebolo da sun ƙone masa gida. Daga baya kuma ƙaryar ta zama ita ke ciyar da Guguwa, mutane na biyan kuɗin shiga da fatan ko yau zai sa. Daga baya sai kunya kawai. Ya ce kafin karon, duk Lahadi yakan bar pikonsa a hannun wani, ya ja hula ya rufe fuska, ya tsaya a kwanar layinmu bayan mai sayar da rake har sai Evaristo ya sa ta, sannan ya koma. Bayan ta fashe ya yi shekaru yana bin ma'aikatan jirgi yana rera musu, suna karɓar kuɗinsa suna kawo masa tarkace. Rabin faifan da ke ɗakin nan a nemanta ya tara su.

"Kowa ya san kai ka kankare ta," ya ce. "Da na hango ka a ƙofa da farar riga, na ce shi ke nan, Allah ya kawo shi, ya tuna sunan."

"Koriya ce takardar."

"Sai me?"

"Shi ke nan abin da na sani."

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa. Ta taga ina hango wasu samari a tsallaken titi sun fito da nasu pikon, sabo fil, da fitilu masu walƙiya. Dukan gangarsa na zuwa mini ta ƙafa da ƙirji, amma abin da ke samanta ban san ko mene ne ba. Na ce bari in kama hanya kafin motoci su yi wuya. Ya riƙe mini hannun riga.

Ya ce ai shi bai manta ta ba, ko ɗigo. Kullum da safe yana rera ta yana aske gemu, don kar ta gudu. Ya ce in matso. Na matsa, ya dafa kafaɗata ya kawo bakinsa dab da kunnena, ina jin warin kofi da taba. Ya fara da gangar, yana bugun cinyarsa, sannan ya shiga muryar mutumin da kalmomin da ya ƙirƙira wa kansa. Muryar tsoho ce mai tsatsa, amma ita ce. Tsigar jikina ta tashi. Na tsayar da shi wuri ɗaya na ce a nan sau biyu ake maimaitawa, ya ce ƙarya nake, sau uku ne, shi da yake tsaye a kwana ya fi ni da ke kallon 'yan mata saurare. Na bar masa. Ya koma farko, na rufe ido, titinmu ya dawo da zafin la'asar da ƙamshin soyayyiyar ayaba, har na ji ƙafata tana motsi da kanta.

Ya iso inda mai waƙar ke yin shiru. Na ji ya ja numfashi, ya matse murya ya zama jitar. Na ji hawan farko. A na biyu sai sautin ya sirance ya ɓace. Na buɗe ido, na ga jijiyoyin wuyansa a miƙe, leɓunansa na motsi, idonsa a rufe da hawaye a gefe, yatsunsa na tafiya a kafaɗata. Iskar bakinsa kaɗai ke taɓa mini kunne. Na ƙara matsawa har kunnena ya taɓa leɓensa, babu abin da ya ƙaru. Haka na zauna ina kallonsa yana hawa shi kaɗai, har ya gangaro ya buga cinyarsa ya tsaya yana haki.

Ya goge ido da bayan hannu ya dube ni kamar yaron da ya gama karatu a gaban malami.

"Haka take, ko? Ban ɓata wurin jitar ba?"

"Haka take," na ce. "Ba ka ɓata komai ba."